Tsiron fan da karen gida: yadda za ka bambance marar illa da mai guba

Fan na gaskiya, wato tsiron da Turawa ke kira fern, irin wanda ake ratayewa a baranda don ado, ba ya kashe kare. Idan kare ya ci ganyensa da yawa, abin da aka fi gani shi ne amai sau ɗaya ko sau biyu, ko ɗan sakin ciki na yini guda, kamar dai yadda yake yi in ya ci ciyawa. Ƙungiyar hana cin zalin dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa fan na Boston, wato Nephrolepis exaltata, cikin jerin tsirrai marasa guba ga kare da kyanwa, haka ma nau'o'in Platycerium da Davallia. To amma wannan amsar ba ta isa ta kwantar wa mai kare hankali a Kebbi ba, saboda dalili ɗaya da ya shafi yanayinmu.

Fan na gaskiya tsiron inuwa da laima ne. Yana son iska mai ɗauke da danshi kashi 50 cikin ɗari ko fiye. A Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, a hunturu kuma danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20. Fan da aka kawo daga kudu aka ajiye ba kulawa, cikin makonni kaɗan ganyensa zai ƙone. Wanda ke jure wannan wahala ya ci gaba da yin kore shar a cikin tukunya, sau da yawa wani tsiro ne daban da ya ari sunan fan, kuma cikin masu aron sunan akwai mai sa kare ciwon ciki, akwai mai lalata masa hanta. Don haka aikin farko shi ne tantance abin da ke cikin tukunyar, kafin a yi maganar inda za a ajiye ta.

Mataki na ɗaya: duba tsiron da hannunka kafin ka biya kuɗi

Kada ka dogara da sunan da mai sayar da furanni ya faɗa maka. Shi ma yadda aka gaya masa ne yake faɗa. Ka roƙe shi ya bari ka duba waɗannan abubuwa.

Juya tsohon ganye ka kalli bayansa. Fan da ya girma yana da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere, ko layi-layi, a tsare daidai da juna a ɓangarorin biyu na jijiyar ganyen. A nan yake ajiye ƙurar irin da yake yaɗuwa da ita. In ka ga wannan, fan ne. In ba ka gani ba, kada ka yanke hukunci tukuna, domin ƙaramin tsiro da wasu nau'o'in da aka sarrafa don ado ba sa nuna ɗigon.

Kalli sabon toho a tsakiyar tukunya. Na fan yana fitowa a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, sannan ya riƙa warwarewa a hankali. Yana da taushi, kana iya murje shi da yatsu biyu.

Nemi fure ko 'ya'ya. Fan ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya ƙwaya, har abada. Duk tsiron da aka kira fan ka ga ƙananan fararen furanni a jikinsa, ko 'ya'ya kore, ja ko baƙi, ka san sunan aro ne. Wannan ita ce alamar da ba ta kuskure.

Shafa karan daga sama zuwa ƙasa a hankali. In ƙaya ta kama ka, da wuya ya zama fan na ado.

In mai kayan ya yarda, zare tsiron daga ledar ka kalli saiwa. Farare ƙulu-ƙulu masu sheƙi da ruwa a ciki, dogaye kaɗan, alamar asfaragos ce, ɗaya daga cikin masu aron sunan fan. Sai dai a kula: akwai fan na gaskiya, Nephrolepis cordifolia, da shi ma yake ƙulu-ƙulu a saiwa, amma nasa zagayayyu ne, masu gashi-gashi da ruwan ƙasa. Saboda haka saiwa kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa da ganye.

Mataki na biyu: san masu aron suna guda biyu

Na farko shi ne wanda ake kira asfaragos fan, Asparagus densiflorus da ɗan'uwansa Asparagus setaceus. Asalinsu kudancin Afirka ne, shi ya sa fari bai cika damunsu ba, kuma ƙulu-ƙulun saiwar nan rumbun ruwa ne. Abin da ake ɗauka ganyensa ne sirara ne masu tsini, tsawon santimita 1 zuwa 2 a nau'in farko, a na biyun kuma sun fi haka ƙanana da laushi. Yana da ƙananan ƙayoyi a kara, yana fararen furanni, 'ya'yansa su nuna su yi ja ko baƙi. Yana ɗauke da sinadarin safojenin. Kare da ya ci 'ya'yan yakan yi amai da gudawa da murɗar ciki. Wanda kuma kullum yake kwanciya a gindinsa yana goga jiki, fatarsa kan yi ja ta yi ƙaiƙayi, musamman ciki da hammata da tsakanin yatsu inda gashi bai yi yawa ba. Mutane kan ɗauka ƙazuwa ce ko kaska, su yi ta shafa magani, alhali abin da ke jawo ciwon yana nan a bakin ƙofa. Da wuya asfaragos ya yi kisa, amma ga ɗan kwikwiyo mai kilo 3 ko 4, gudawar yini biyu a cikin bazara ba ƙaramin abu ba ce.

Na biyu shi ne abin tsoro: sago, Cycas revoluta, da danginsa. Ana dasa shi a ƙofar otal, ofis da manyan gidaje, kuma ƙaraminsa a leda yana iya ruɗar mutum, domin shi ma sabbin ƙananan ganyayensa suna fitowa a nannaɗe. Bambancin yana bayyana da zarar ganyen ya ƙosa: yana da tauri, yana sheƙi, bakinsa yana suka, kowane ɗan ganye da jijiya ɗaya tak a tsakiya. Gindin kuma dunƙulalle ne mai kaushi, ya fi kama da na ƙaramin dabino. Macen tana yin ƙwaya mai ruwan lemo zuwa ja, girman santimita 3 zuwa 4. Gubarsa, saikasin, tana ko'ina a jikinsa, daga saiwa har ganye, amma ta fi taruwa a ƙwayar, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu na iya kashe kare. Amai da dalalar miyau kan fara cikin mintoci 15 zuwa 'yan awanni. Daga nan karen yana iya yin kamar ya warware, ya sha ruwa, ya kaɗa wutsiya. Wannan sauƙin ne ke yaudarar masu gida su fasa zuwa asibiti. A kwana na biyu zuwa na uku hanta ta gaza: ido da dasashi su yi rawaya, kashi ya yi baƙi saboda jini, jini ya riƙa fita ta hanci, wani lokaci har jijjiga. Ko da magani, karnuka da yawa ba sa tashi. Ra'ayinmu a nan ba shi da sassauci: gidan da ke da kare, akuya ko yaro mai rarrafe bai dace a ajiye sago a cikinsa ba, ko a tukunya ko a ƙasa.

Cikin fan na gaskiya ma akwai biyu da suka fita daga jerin marasa illa. Pteridium aquilinum, wanda ke tsirowa a tsaunuka masu sanyi irin na Mambila, yana lalata sinadarin bitamin B1 a jikin doki, yana kuma sa shanu zubar jini in sun daɗe suna cinsa. Ba a sayar da shi don ado, amma darasin shi ne kada ka tono fan a daji ka kawo gida don kawai ya yi maka kyau. Ɗayan kuma shi ne agugu, busasshiyar saiwar fan da aka daɗe ana amfani da ita don fitar da tsila. Saiwar fan irin ta Dryopteris filix-mas tana da guba mai iya kawo jijjiga da makanta, kuma tazarar da ke tsakanin awon magani da awon illa ƙarama ce ƙwarai. Kare mai tsila, a ba shi firazikwantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa, bisa umarnin likitan dabbobi.

Mataki na uku: kula da abin da ke cikin tukunya da abin da aka fesa

A gidajenmu, wani abin da ke kai kare asibiti daga wajen tukwanen furanni shi ne maganin da aka sa wa tsiron. Sau da yawa labarin iri ɗaya ne: an ga ɗigon nan na bayan ganye, an ɗauka ƙwari ne, an jiƙa Sniper ko ota-piya-piya an fesa, kare ya zo ya tauna ganyen ko ya lashi ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukunya. Sinadarin daikulobos da ke cikinsu yana hana jijiyoyi hutawa. Alamunsa dalalar miyau mai yawa, hawaye, fitsari da gudawa ba tsayawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, tsoka ta riƙa rawa, numfashi ya yi wuya. Haka garin Furadan da wasu ke barbaɗawa a ƙasa don gara yake yi, shi ma cikin gaggawa. Maganin karya wannan guba allurar atirofin ce, kuma sai a hannun likita.

Ga yadda za ka bambance ƙurar iri da ƙwari. Ɗigon iri a jere yake, girma ɗaya, a bayan ganye kawai, kuma ganyen a bushe. Ƙwaron da ke manne wa ganye a warwatse yake, har kan kara, farce yana ɓamɓare shi, kuma yana barin danƙo da ke jawo tururuwa. In ƙwari ne da gaske, ka zuba mililita 5 na sabulun ruwa marar turare a lita 1 ta ruwa, ka gwada a ganye ɗaya ka jira kwana biyu, domin fan yana saurin ƙonewa. In bai ƙone ba, ka fesa da yamma, ka ɗauraye da ruwa zalla bayan awa guda, ka maimaita bayan mako. Karen ya tsaya nesa har ganyen ya bushe.

Taki ma yana da tasa matsalar. Ɗanyen kashin kaji, garin ƙashi da ruwan wankin kifi suna da warin da ke kiran kare ya tona tukunya ya ci ƙasar. Ƙwayoyin NPK ko yuriya da aka barbaɗa a sama, in ya lashe su, suna ƙona baki da ciki. Ka yi amfani da takin da ya ruɓe sarai har warinsa ya koma na ƙasa. In na zamani ne, ka narkar da rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a lita 4 ta ruwa, ka zuba a jiƙaƙƙiyar ƙasa sau ɗaya a wata lokacin damina, ka zubar da abin da ya tsiyaye. Fan ba mai cin taki da yawa ba ne, in ya yi yawa bakin ganyen ne ke ƙonewa. Ragowar abinci mai fumfuna kada ya shiga tukunya da sunan taki, domin wasu nau'o'in fumfuna suna sa kare makyarkyata. Ƙwallon kafur na tufafi da wasu ke sawa don korar dabba, shi kansa guba ne.

Mataki na huɗu: dasawa da ajiyewa

Haɗa ƙasa kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye ko ƙasar gindin bishiya, kashi ɗaya na yashi mai laushi, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa da ya tsufa. Ɓuntu ba ya wuyar samu a Kebbi, kuma yana hana ƙasa dunƙulewa. Tukunyar ta kasance da huda a ƙasa.

Baranda mai kallon gabas ta fi, inda ranar safe kaɗai ke taɓawa. Mai kallon arewa tana da kyau a hunturu, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ranar tsaka tana karkata arewa a yankinmu, sai a matsar da tukunyar can ciki. Ban ruwa da safe. A hunturu da bazara a ƙara da yamma in saman ƙasar ya bushe.

Ratayewa ita ce hanya mafi sauƙi ta raba kare da fan. Kuskuren da ake yi shi ne auna tsawo daga gindin tukunya, a manta ganyen fan na Boston yana zubowa ƙasa santimita 60 zuwa 90. Ka auna daga bakin ganye mafi tsawo: ya kasance aƙalla mita 1 da rabi daga ƙasa ga karen gida mai matsakaicin girma, fiye da haka ga manyan karnukan gadi. Kada a bar kujera, turmi ko duro a ƙarƙashi. Ƙugiyar ta iya ɗaukar kilo 10, a ɗaure ta a katako ko ƙarfen rufi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, kuma iskar farkon damina tana fizgar duk abin da ke lilo.

In dole tukunyar ta zauna a ƙasa, ka sa ta cikin wata babbar tukunyar yumɓu, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Wannan yana sanyaya saiwa, yana ƙara laima, yana kuma hana kare tuntsurar da ita. Rufe saman ƙasar da duwatsu manya waɗanda ba za su shiga bakinsa ba. Ƙananan tsakuwa haɗari ne, kwikwiyo yana haɗiye su.

Sannan ka tambayi kanka me ke kai karen wajen tukwane. A bazara amsar kusan kullum zafi ce da ƙishirwa: nan ne kaɗai wuri mai danshi a tsakar gida. Kare yana bukatar ruwa mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a yini, ya fi haka a zafi, wato mai kilo 20 ba zai gaza lita 1 ba. Ka ajiye masa kwano biyu a inuwa, ka zuba masa yashi a wani lungu ka riƙa jiƙawa da rana, za ka ga ya ƙaura da kansa. Kwikwiyo mai wata 3 zuwa 6 kuwa haƙori yake sauyawa, dole ya tauna wani abu. Ka ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla. Karen da ke ɗaure yini guda a sake shi da dare, shi ma yakan huce a kan tsirrai. Dukansa bayan ɓarnar ta wuce ba ya koya masa komai. Ka ce "bari" a daidai lokacin da ya kai baki, ka janye shi, ka miƙa masa abin taunarsa.

Mataki na biyar: in ya riga ya ci

Cire abin da ya rage a bakinsa in zai bari, ka goge bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ka lura da lokaci. Ka ɗebi ganye, 'ya'ya da kwalbar duk maganin da aka fesa ka sa a leda, ka ɗauki hoton tsiron da na aman da waya. Likita zai tambaye ka nauyin karen, don haka ka hau sikeli ɗauke da shi, ka cire nauyinka.

In sago ne, ko tsiron da aka fesa wa maganin ƙwari, ko ba ka san ko mene ne ba, ka tafi asibitin dabbobi nan take, kada ka jira alama. Awa biyun farko ne lokacin da sa amai da ba da gawayin asibiti suka fi amfani. Ga sago, ka nemi a auna lafiyar hanta a jini, a sake aunawa har kwana uku ko da karen yana wasa. In asibitin garinku ba shi da kayan gwajin, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Abubuwan da aka saba yi a gida, yawancinsu ƙara ciwo suke. Ruwan gishiri don sa amai yana iya kashe kare da kansa. Giram 4 ga kowane kilo ya isa. Manja da man gyaɗa ba sa karya guba, suna ma taimaka wa gubar da ke narkewa a mai ta shiga jini, kuma in an ɗura da ƙarfi suna faɗawa huhu. Madara ma haka. Gawayin murhu ba ya aikin gawayin asibiti, wanda ake sarrafawa na musamman a ba da giram 1 zuwa 2 ga kowane kilo. Farasitamol, ibufurofen da daikulofenak na mutane kada su kusanci bakinsa, balle ga wanda hantarsa ke cikin haɗari. Kare da ke jijjiga, ko ya galabaita, ko numfashi ke yi masa wuya, ba a sa shi amai ko kaɗan.

In ka tabbata fan na gaskiya ne marar feshi, ko ɗan ganyen asfaragos, kuma karen babba ne yana cikin kuzarinsa, kana iya kula da shi a gida. Ɗauke abinci na awa 6 zuwa 12, ka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Daga nan dafaffiyar farar shinkafa kashi uku da tsokar kaza kashi ɗaya, ba gishiri, ba magi, ba mai, ba albasa, domin albasa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ko dafaffa. Ƙaramin kwikwiyo ba a hana shi abinci haka, sukarin jininsa yana saurin faɗuwa. In fata ce ta yi ja, a wanke da sabulu marar ƙarfi a ɗauraye sosai.

Ka riƙa duba shi duk bayan awa uku ko huɗu. Ɗaga leɓe: dasashi mai lafiya ruwan hoda ne mai danshi, in ka danna ya yi fari, launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Ja fatar kafaɗa ka saki, ta koma nan take. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39.2 ne. Amai fiye da sau uku, jini a kashi ko amai, kumburin ciki, rawayar ido, ƙin shan ruwa, ko ciwon ya wuce awa 24, duk suna nufin asibiti. Kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, in yana gudawa mai jini da wari, a fara zargin cutar fabo (parvo), mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kafin a ɗora wa tsiro laifi, kuma a ware shi daga sauran karnuka.

Mataki na shida: zagaya sauran gidan

Wanda ya tantance fan ya bar sauran tsirrai bai gama aiki ba, domin waɗanda muka saba gani kullum sun fi shi haɗari. Kariya mai jan fure da ake dasawa a tukunya, oliyanda (oleander) da ake shinge da ita, da tumfafiya da ke fitowa a kango, duk suna da gubar da ke rikita bugun zuciya. Ƙwayar zurma da ta bini-da-zugu suna yi wa hanji mummunar illa in an tauna. Zakami yana gusar da hankali ya kawo jijjiga.

Wajen cire su, sa safar hannu, ka kiyaye idonka daga ruwan tumfafiya. Asfaragos sai an tone gindin gaba ɗaya, in ba haka ba zai sake tohowa; a share 'ya'yan da suka zube kafin a sako karen. Sago a tattara ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka nutse a ƙasa. Kada a jefa ko ɗaya a bola inda awaki da karnukan unguwa ke kiwo, kada kuma a ƙona oliyanda, hayaƙinta ma guba ne. A haƙa rami mai zurfin mita 1 a wajen da dabba ba ta zuwa, a zuba, a rufe, a danne da dutse.